FASHIN BAƘI: Gyaran babur a gida a Masarautar Daura, abin da mai shi zai iya da inda ya kamata ya tsaya

A ƙananan hukumomi biyar da suka haɗu suka yi Masarautar Daura, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, babu abin hawan da ya kai babur kusa da talaka. Shi ke kai manomi gona, ya ɗauko masa buhun gero, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ya kuma isar da malamin firamare ƙauyen da mota ba ta leƙawa sai ranar kasuwa. Ga ɗimbin matasa 'yan acaɓa kuwa, babur ne jari, shi ne kuma wurin aiki.

Gyaran babur a gida shi ne duk hidimar da mai babur zai yi wa abin hawansa da hannunsa ba tare da ya kai shi gareji ba, kamar juyen baƙin mai da wanke matatar iska da ɗaure sarƙa da duba fulogi da taya da birki. Aiki ne da ke rage kashe kuɗi, yana kuma ƙara wa inji kwana. Sai dai yana da iyaka, kuma wanda ya tsallake ta yakan biya fiye da abin da ya so ya tsimi.

Dalilin da ya sa batun ya zama na kowa

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 a gidajen mai ta haura Naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta tsallake Naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, sai Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma, ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024.

Wannan mataki na biyu ya fi taɓa kayan gyara. Baburan da suka cika titunan Daura, irin su Bajaj Boxer da TVS na Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, daga waje ake shigo da su, ko a shigo da sassansu a harhaɗa a nan. Haka fulogi da sarƙa da fistan da akasarin tayoyi. Duk ranar da Dala ta motsa, farashinsu ya motsa, tun daga manyan dilolin Legas da Nnewi, zuwa Kano, zuwa ɗan shagon da ke bakin tasha.

A cikin 2024 farashin sabon Boxer ya wuce Naira miliyan ɗaya. A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai tara albashin fiye da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi sabon babur. Wanda yake da tsoho a hannu, dole ya lallaɓa shi.

Yadda injin yake aiki, da abin da ƙura ke yi masa

Akasarin waɗannan babura injinsu ƙarami ne mai silinda ɗaya, ƙarfinsa tsakanin cc 100 zuwa 150, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. Fistan na yin tafiya huɗu kafin aiki ɗaya ya cika: ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa.

Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000. A nan ne yanayin ƙasar Daura ke shigowa cikin lissafi. Ƙasa ce mai rairayi, hanyoyin ƙauyuka da yawa ba su da kwalta, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika sararin sama da ƙura. Duk ƙurar da ta kuɓuce wa matata ta shiga silinda, takan gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda sannu a hankali. Sakamakon shi ne babur ya fara shuɗin hayaƙi, ya riƙa shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan kai maki 40 ko fiye a ma'aunin Selsiyos, lokacin da injin da iska ke sanyayawa ya fi buƙatar mai mai kyau.

Saboda haka yawan lokutan sabis da littafin kamfani ya rubuta, mafi ƙaranci ne. Littattafan da kansu sukan ce a riƙa yi da wuri idan ana hawa cikin ƙura.

Kayan aiki

Ba a buƙatar kaya masu yawa. Sifanoni daga lamba 8 zuwa 19 sun isa akasarin notikan jikin ƙaramin babur. Sai sifanar fulogi, wadda kan zo tare da sabon babur, da sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, da filaya, da famfon iska da ma'auninsa, da mazurari, da tsohon buroshi, da tsumma, da kwanon tarar mai. Sifana ta dace da noti daidai. Wadda ta yi masa yawa takan cinye kusurwoyinsa, daga nan sai an kira mai walda.

Juyen baƙin mai

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci. A ƙaramin babur, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, kuma bai fi kimanin lita ɗaya ba. Ɗan abin da ya ragu ko ya lalace, nan da nan inji ke ji a jikinsa.

Ana tayar da babur na 'yan mintuna don man ya yi ɗumi ya saki, sai a kashe, a kafe shi a kan jak ɗinsa na tsakiya a wuri mai shimfiɗe. A ajiye kwano a ƙarƙashi, a kwance notin juye, a bar man ya tsiyaye sarai. Idan injin na da rariyar tace mai, a wanke ta da kananzir. A mayar da notin da hannu tukuna kafin a sa sifana, kada kuma a matse shi da ƙarfin tsiya, domin jikin injin na alminiyom ne, zaren da ke riƙe notin na saurin cinyewa. A zuba sabon mai gwargwadon yadda kamfani ya faɗa, a tayar da inji minti ɗaya ko biyu, a kashe, a jira kaɗan, a duba sandar awo. Man ya tsaya tsakanin alamar ƙasa da ta sama.

Nau'in man ma abin lura ne. Yawancin waɗannan injuna 20W-50 suke so, kuma galan ɗin da ya dace da babur yakan ɗauki alamar 4T da JASO MA. Wasu mayukan mota na ɗauke da sinadaran ƙara santsi da ke sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Man da ake aunawa a kwalba daga durom, babu hanyar da mai saye zai tabbatar da asalinsa. Tazarar juye ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ɗan acaɓar da ke yini a kan hanyar ƙasa bai kamata ya yi lissafi irin na ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo ba. Duba sandar awo kowace safiya bai kai minti ɗaya ba.

Matatar iska

Iri biyu ce. Ta soso ana cire ta a wanke da kananzir ko da ruwa da sabulu, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta kaɗan, a matse rarar, sannan a mayar. Man nan shi ke kama ƙura. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, ba a sa mata mai. Karkaɗe ta ake yi, idan ta toshe a sauya.

Matatar da ta toshe tana sa babur shan mai, domin iska ta yi ƙaranci. Wasu kan huda ta ko su cire ta gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu. Wannan buɗe wa rairayi ƙofa ne kai-tsaye zuwa cikin silinda. A lokacin hunturu, wanda ke bin hanyar ƙasa kullum ya dace ya leƙa matatarsa duk mako.

Sarƙa

Sarƙa na buƙatar wasa na kimanin santimita 2 zuwa 3 idan aka taɓa ta a tsakiya. Idan ta saki da yawa za ta iya zamewa ta maƙale ƙafar baya ana cikin gudu. Idan ta ɗaure da yawa za ta ci boris da haƙoran sifoket. Wajen gyarawa, ana sassauta babban notin ƙafar baya, a juya notikan ja na hagu da dama daidai wa daida ana kallon alamomin da ke jikin ƙarfen, a sake ɗaure babban notin, sannan a duba birkin baya, domin matsar da ƙafa na canza saitinsa.

Ana wanke sarƙa da kananzir da buroshi, a goge, a sa mata mai kaɗan. Giris mai yawa a ƙasa mai rairayi tara yashi yake yi. Murfin sarƙa da wasu matasa ke cirewa don ado, shi ne kariyarta. Idan lokacin sauyi ya yi, a sauya sarƙa da sifoket biyun tare, domin tsohon haƙori na lalata sabuwar sarƙa. Ba a taɓa sarƙa inji na aiki, ko da kuwa don sa mai ne. Yatsa na shiga tsakaninta da sifoket cikin ƙiftawar ido.

Fulogi da kafireta

Fulogi na ba da labarin abin da ke faruwa cikin inji. A bari inji ya huce kafin a kwance shi. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, komai lafiya. Idan baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa ko matata ta toshe. Idan baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai na hawa sama, alamar ringi ko robar bawul sun gaji. Idan fari ne fat, fetur ya yi ƙaranci, inji na zafi fiye da kima. Tazarar bakinsa a irin waɗannan babura takan kasance tsakanin milimita 0.6 zuwa 0.8.

Tsadar mai ta sa mutane da yawa na murɗa sukurorin kafireta don rage shan mai. Akwai haɗari a nan. Idan fetur ya yi ƙaranci a cikin gaurayen, wutar da ke cikin silinda na ƙara zafi, ta ƙone bawul, wani lokaci har ta huda fistan. Abin da aka tsima a wata uku, sauke inji sau ɗaya ya cinye shi. Hanyoyin rage shan mai da ba sa cutar da inji su ne tsabtace matata, da cika iskar taya, da saita sarƙa, da tabbatar da cewa birki ba ya riƙe ƙafa. Abin da mai babur zai iya yi wa kafireta a gida shi ne ya rufe makunnin mai, ya kwance ɗan sukuron da ke ƙasanta, ya zubar da ruwa da dattin da suka kwanta.

Taya da birki da batir

Ana auna iskar taya da safe kafin a hau. A yawancin ƙananan babura ta gaba takan ɗauki kimanin 25 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, ta baya kuma 28 zuwa 32 gwargwadon nauyin kaya, amma lambar da kamfani ya rubuta ita ce abin bi. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta. Misali, 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙira, ko da ba a taɓa hawa kanta ba.

Birkin ganga, wanda shi ne a jikin yawancinsu, ana saita shi da notin da ke ƙarshen waya ko sandar birki. Bayan saiti a juya ƙafar da hannu a ga tana gudu ba tare da gogawa ba. Idan an kai notin ƙarshe birki bai kama ba, takalman birkin sun cinye, sauyawa ce kawai mafita. Kada mai ko giris ya taɓa su.

Batir mai murafu, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ban da ruwan rijiya ko na famfo. Wanda aka rufe ruf daga kamfani ba a buɗe shi. Wajen cirewa ana fara kwance wayar da ke da alamar ragi. Fis ɗin da ya ƙone kuma da irinsa ake maye shi. Naɗa waya a gurbinsa na iya sa wayoyin babur su kama wuta.

Inda ya kamata a tsaya

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk aikin da ke buƙatar buɗe inji na bakanike ne: sauya fistan da ringi, saita bawul ga wanda ba shi da ma'auninsa, gyaran giya, sauya faifan kuloci, saita sarƙar cikin inji. Haka miƙar da firam ko ƙafar da ta lanƙwashe, da birki mai aiki da ruwa, da matsalar wuta da ta wuce fis da ƙwan fitila. Bidiyon YouTube da TikTok na koyar da abubuwa da yawa, amma ba sa jin ƙarar injin da ke gaban mai kallo.

Alamomin da ke cewa a kashe inji a nemi gwani sun haɗa da ƙarar ƙarfe daga cikin inji, da shuɗin hayaƙi mai ɗorewa, da baƙin man da ya koma ruwan madara ko aka ga ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa, da kan babur da ke karkarwa a gudu. Sabon babur mai garanti kuwa, buɗe injinsa a gida na iya zubar da haƙƙin mai shi a wurin dila.

Lafiyar mutanen gida ma na cikin lissafi. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa a rufaffen wuri, don haka ba a barin babur na aiki a zaure ko ɗaki. Ba a wanke kayan gyara da fetur kusa da murhu. Tsohon baƙin mai na ɗauke da sinadarai masu haddasa ciwon daji, bai dace a shafa shi a ciwo ko a jikin dabba ba, bai kuma dace a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya ba. Fetur ko ruwan batir da aka zuba a gorar lemo aka ajiye inda yara ke kaiwa, masifa ce ke jiran lokaci.

Takardu da doka

A Jihar Katsina babur ya daɗe da shiga batun tsaro. A ƙarshen Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta hana, daga cikin abubuwa da dama, sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi da ɗaukar mutum uku a babur ɗaya da sayar da fetur a jarka a gidajen mai. A watan Yuli na 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa Gwamnatin Tarayya na duba yiwuwar hana hawa babur a faɗin ƙasar saboda 'yan bindiga. Ko da yake masarautar Daura ba ta cikin yankunan da matsalar ta fi tsanani, tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma mai babur na haɗuwa da jami'ai iri-iri a hanya.

Abin da wannan ke nufi ga mai gyara a gida shi ne kada ya taɓa lambar inji da lambar firam, ko wajen fenti, ko wajen walda. Wanda ya sayi inji na hannu ko wani babban sashe ya karɓi rasit mai ɗauke da lambarsa da sunan mai sayarwa, ya adana tare da takardun babur. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod, kuma arahar da ta wuce hankali ita ce alamar farko.

Abin da sifana ba ta gyarawa

Akwai matsalolin da suka fi ƙarfin mai babur komai ƙwazonsa. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya tura mazauna garuruwan iyaka, irin na Mai'adua da Zango da Baure, ga 'yan bumburutu, inda mai kan zauna a jarka da kwalba, ƙura da ruwa su same shi. A watan Fabrairu na 2022 kuma kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam. Mai babur na iya tace mansa da ƙyalle mai tsabta, amma ba shi da ɗakin gwaji.

Sa ido a kan ingancin fetur da baƙin mai aikin hukumar NMDPRA ne, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa. Jabun kayan gyara da tayoyi na ƙarƙashin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON. Wanda aka sayar wa kaya marar kyau kuma yana da damar kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC. Matasan masarautar na da haƙƙin su tambayi wakilansu sau nawa waɗannan hukumomi ke leƙa kasuwannin yankin, da kuma inda mutumin Baure ko Sandamu zai kai kukansa ba tare da ya kashe kuɗin mota fiye da kuɗin kayan ba.

Daura na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, tana kuma da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disamba na shekarar. Garin da ke da makarantu irin waɗannan yana da hujjar neman gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga makanikan babur da yaran da ke koyo a hannunsu, da kuma littafin kula da babur da aka rubuta da harshen masu hawansa. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na makanikai su ne suka fi cancanta su fara gabatar da wannan buƙata ga shugabannin makarantun da ƙananan hukumomin biyar.